Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Makiyayin Kwara

A lokacin murna irin wannan ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu ɗaukar bishara cikin ƙasashen nan. Galibi idan an zo lissafta su, sunayen Turawa mu kan ji. Amma tun ba a gina ɗakin sujada ko ɗaya a ƙasar Hausa ba, akwai wani baƙin mutum, Bayarabe, wanda ya yi shekara fiye da talatin yana hawa yana gangarawa a kogin Kwara, watau wannan kogi da ya bi ta Yamai da Gaya kafin ya shiga Nijeriya. Uwarsa ta raɗa masa suna Ajayi. Duniya kuwa ta yi ta liƙa masa waɗansu sunaye tun yana yaro har ya tsufa: arne, bawa, ɗan jirgi, baƙar fata. Abin da ya yi da waɗannan sunaye, shi mu ke so mu duba.

An haife shi wajen shekara ta 1809 a wani gari mai suna Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa, kowa yana kama ɗan'uwansa yana sayarwa. Wata safiya cikin 1821 mayaƙa suka kewaye garinsu, Fulani ne da Yarabawa Musulmi. Suka sa wuta, suka kama shi tare da uwarsa da ƙannensa mata. Ubansa kuwa bai sake ganinsa ba. Ba a kwana biyu ba aka raba shi da uwar, aka yi musanyarsa da doki. Dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba, sai aka komo da yaron, aka karɓi doki. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kasuwa bayan kasuwa, a ba da shi a karɓi taba ko barasa. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa tsoron kada a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya sa har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma bai iya ba.

Abin da ya ke tsoro kuwa shi ya same shi. A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, aka sa masa sarƙa, cikin watan Afrilu na 1822 aka ɗura shi a jirgi tare da bayi kusan ɗari biyu. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙi na Ingila, masu tsaron teku domin hana cinikin bayi, suka tare shi. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da aka hau da shi jirgin Ingilishi ya ga naman alade a rataye, ya ga harsasan igwa a jere, sai ya ɗauka naman abokansa ne da kawunansu. Cikin watan Yuni aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, garin da aka kafa domin 'yantattun bayi.

To, ko a can ma bai tsira daga suna ba. Waɗanda suka riga zama a garin, su ma zuriyar bayi ne da aka dawo da su daga ƙetaren teku, suna jin Turanci, suna sa tufafin Turawa, suna kuwa rena sababbin zuwa da a ke saukewa daga jirgi tsirara. Yarabawa a can ana ce da su Aku, saboda irin gaisuwarsu. Ajayi ya shiga makarantar mishan ɗin C.M.S., ya koyi sassaƙa, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ekklesiya na Landan, Samuel Crowther. Amma bai yar da Ajayi ba. Sa'ad da aka buɗe makarantar horon malamai ta Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari a cikin littafin. Ya auri wata malamar makaranta, Asano, watau Hasana, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, dā kuwa Musulma ce. Sunanta na baftisma Susan. Suka zauna tare wajen shekara hamsin.

Wani abu ya faru a kwanakin da ya ke koyarwa a Saliyo wanda ya gyara masa hanya har ƙarshen ransa. Ya ga laya a wuyan wani yaro ɗan Musulmi cikin makarantarsa, ya sa aka cire. Uban yaron ya zo da fushi. Crowther, da zafin ƙuruciya, ya shirya muhawara da dattawan Musulmi, ya zo da Littafi Mai-tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, yana tsammani zai kā da su da hujja. Aka tashi ba wanda ya motsa daga inda ya ke. Ya gane cewa gardama ba ta buɗe zuciya, ko da mai-gardama yana da gaskiya. Tun daga ran nan ya bar ta.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau Kwara, su yi alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi. Mishan ta sa mutum biyu a ciki, wani Bajamushe mai suna Schön, da Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in, tafiyar ta watse. Amma amfani biyu suka fito daga cikinta. Na ɗaya, Schön ya kama koyon Hausa, bai kuwa sake ta ba har mutuwarsa. Shi ne daga baya ya zauna a Ingila tare da Dorugu, wani yaro daga wajajen Damagaram wanda shi ma bauta ta fitar da shi daga gida, suka rubuta waɗansu daga cikin littattafan Hausa na farko cikin boko. Na biyu, shugabannin mishan suka ga cewa idan bishara za ta shiga tsakiyar ƙasa, 'ya'yan ƙasa ne za su kai ta. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin ekklesiya a 1843.

Aka aike shi ƙasarsu. Ya sauka Badagiri a 1845, ya shiga Abekuta a 1846. Bai daɗe a can ba sai ga wata tsohuwa an kawo masa. Ashe uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar; ita ma an sayar da ita, an fanshe ta, ta sha wuya iri iri. A 1848 ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu, gama ɗanta Sama'ila ne. A shekarun nan ya duƙufa a kan juya Maganar Allah cikin Yarabanci, aikin da aka kammala a 1884 da taimakon waɗansu. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da harshen da ya sha a nono.

Ya sake hawan kogi a 1854 tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai da nisa, suna shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 aka kafa Mishan ta Kwara, aka sa ta a hannunsa, ma'aikatanta kuwa duka baƙaƙe ne, yawancinsu 'ya'yan 'yantattun bayi daga Saliyo. Suka fara da Anaca. A wannan tafiya jirginsu ya bugi dutse kusa da Jeba ya fashe, suka yi wata da watanni a bakin kogi. Crowther bai zauna yana jiran jirgi ba, ya kama koyon Nufanci, har daga baya ya rubuta littafin koyonsa.

Nan ne ya shiga ƙasar sarakunan Musulmi, nan ne kuma mu ke ganin irin mutumin da alherin Allah ya mai da shi. Ku tuna su wane ne suka ƙone garinsu. Da ya ga dama da ya ce duk mai rawani maƙiyinsa ne, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Amma ya yi ta zuwa Bida wurin Etsu Masaba shekara da shekaru, yana gaisuwa yadda a ke gai da sarki, yana ba malamai Littafi Mai-tsarki na Larabci kyauta. A 1872 ya bi ta Ilori, sarki ya tara fada, aka yi masa tambayoyin da a kan yi mana har yau: ko Isa Ɗan Allah ne, ko zai sake dawowa. Bai ce uffan a kan addininsu ba. Ya buɗe Bishara ta Luka inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu, ya karanta da Yarabanci domin kowa ya ji, haka kuma kowace tambaya ya amsa ta da wurin da ya dace cikin Littafi. A ƙarshe ya nuna musu addu'ar da Kirista su kan yi domin Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan wannan sarki a kan sa a wurin. Fada ta ji daɗin wannan. Bai ɓoye kome daga cikin bangaskiyarsa ba, bai kuwa zagi kowa ba, aka rabu da mutunci. Shekaru bayan haka, sa'ad da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nufe, Etsu Maliki ya rasa wanda zai kai kukansa wurin Sarauniya sai wannan tsohon bawa. Ya aika masa da takarda, a ciki yana kiransa uba.

Kada mu ƙara gishiri: ba a sami masu tuba da yawa a ƙasar Nufe a zamaninsa ba. Amma ƙofa ta kasance a buɗe muddin yana da rai, kuma da hannun baƙin mutum aka buɗe ta.

Shugaban C.M.S. a Landan a lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa mishan kamar itacen da magina su kan kafa ne su hau, idan gini ya tsaya sai a kwashe. Ekklesiyar ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta yi mulkin kanta, ta kai bishara da kanta. Domin haka ya nace a naɗa Crowther bishop, watau babban makiyayi bisa ekklesiyoyi da limamansu. Crowther da kansa ya yi ta ƙi. Waɗansu Turawan mishan kuma suka ƙi, a kan gaba akwai Henry Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, wanda ya rubuta cewa mutanen ƙasa ba za su girmama baƙin shugaba kamar yadda su ke girmama Bature ba. Duk da haka ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babban ɗakin sujada na Kantabiri, shi ne baƙin mutum na fari da Ekklesiyar Ingila ta ba wannan matsayi. Cikin taron akwai Henry Leeke, shugaban jirgin yaƙin da ya ɗauke shi yana yaro, a lokacin ya tsufa ya zama babban hafsa. Sai dai an yanka masa ƙasar aikinsa yadda Turawan mishan na Ikko da Abekuta ba za su kasance ƙarƙashinsa ba. Tsagar da ta rushe bango daga baya, tun ran nan ta ke.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson kusa da Idda, ya nemi fansar fam dubu. Wani Bature mai suna Fell ya zo ya kuɓutar da su, kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu a jirgi. A bakin teku kuwa, a garin Boni, inda aka fara aiki a 1865, yawancin waɗanda suka fara ba da gaskiya bayi ne. Iyayengijinsu suka ga bawa ya ƙi yin aiki ran Lahadi, ya ƙi cin naman da aka yanka wa gunki, sai suka tashi da tsanani. A 1875 aka ɗaure wani bawa mai suna Joshua Hart aka jefa shi a ruwa saboda wannan. Ba a yi shekaru da yawa ba waɗansu daga cikin manyan garin suka shigo, suka zauna ƙarƙashin rufi ɗaya da bayinsu, suna sha daga ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, daga hannun bishop wanda aka taɓa musanyawa da doki.

A nan sai mu dakata kaɗan, gama laifi tudu ne. Mu da mu ke karanta wannan mun san ɗacin suna. An ce da mu arna, an ce tubabbu, an ce 'yan mishan masu bin Bature domin abin duniya. Waɗansunmu sun rasa gādo, waɗansu an karɓe musu mata. Amma a cikin ɗakin sujada fa? Wanda ya fito daga gidan malamai ya kan dubi wanda ya fito daga gidan tsafi kamar bai gama wankuwa ba. Idan saurayi mai-bi ya nemi 'yar wani dattijon ekklesiya, ba a kan fara da tambayar bangaskiyarsa ba, sai a aika a bincika ko kakansa bawa ne, ko gidansu maƙera ne ko mahauta. Idan an zo zaɓen dattawa, a kan ji ana raɗa cewa wane baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba. Mun iya karanta Galatiyawa sura 3, inda Manzo Bulus ya nuna cewa baftisma ta shafe bambancin kabila da na bawa da ɗa, mun kuma san wasiƙar da ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Unisimas. Da Ajayi ya zo neman aure a waɗansu gidajenmu, da an sallame shi tun daga zaure.

Ƙarshen labarinsa yana da nauyi, ba za mu ɓoye shi ba domin muna biki. Venn ya rasu a 1873. Matarsa Susan ta rasu a 1880, uwarsa kuma a 1883. Zamani ya juya: Turawa sun sami maganin zazzaɓi, sun fara rabon Afirka a tsakaninsu, kamfanin ciniki na Ingilishi ya ture baƙaƙen fatake daga kogi, ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi har a cikin mishan. Akwai kuma laifi na gaske a Mishan ta Kwara. Tashoshi suna nesa da juna, bishop ba shi da jirgin kansa shekaru da yawa, sai ya jira na 'yan kasuwa. Waɗansu ma'aikata sun shiga ciniki, waɗansu sun faɗi cikin zunubi, har a Anaca aka sami waɗanda suka yi wa wata yarinya dūka ta mutu. Tsohon kuwa mai taushin zuciya ne, ya fi son ya yi wa mutum gargaɗi ya sake ba shi dama da ya kore shi.

Cikin wannan hali waɗansu samari suka iso daga Ingila, a kan gabansu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Nufinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Masu himma ne ƙwarai, ba mu musun wannan. Suka sauka Lakwaja a 1890, suka tuɓe tufafin Turawa suka sa riga da rawani, suna cin abincin ƙasa, suna koyon Hausa, domin kada wani abu ya shiga tsakaninsu da Bahaushe. Abin mamaki, mutanen da suka yarda su sa rigar baƙin mutum domin su kusace shi, ba su iya zama ƙarƙashin baƙin mutum ba. Suka dubi aikin shekara talatin da uku suka ce ruɓaɓɓe ne tun daga tushe. Ba su tsaya ga masu laifi kaɗai ba, suka haɗa ma'aikatan Saliyo duka suka yi musu kuɗin goro. A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamiti a Anaca, bishop yana kan kujera, yana da shekara wajen tamanin. A gabansa sakataren kwamitin, wani Bature mai suna Eden wanda bai daɗe da zuwa ba, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya rubuta wa Landan bayani dalla dalla, ya ce idan akwai waɗanda za su fi shi iya aikin, a shirye ya ke ya bar musu ya tafi inda ba a taɓa yin wa'azi ba. Cikin ɗan lokaci yawancin limaman baƙaƙe na Kwara an kore su ko sun ajiye aiki.

Mutane da yawa a Ikko suka husata, waɗansu suka fita suka kafa ekklesiyoyin kansu. Ekklesiyoyin bakin teku suka shirya su riƙe kansu da kuɗinsu, ya kuwa goyi bayansu, amma bai yarda a yanke zumunci da Ekklesiyar da ta yi masa baftisma ba, bai kuma juya ya ce Turawa duka ɗaya su ke ba, ko da shi ke an yi masa haka. Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi da 'yan watanni, ya rasu a Lakwaja. Brooke kuma ya bi su a watan Maris na 1892, a nan Lakwaja, ba wanda ya kai Kano a cikinsu. Ɗan'uwan Robinson ne, Charles, ya isa can bayan 'yan shekaru, ya kuma rubuta ƙamus na Hausa.

A 1892 ekklesiyoyin bakin teku suka tsaya da ƙafarsu ƙarƙashin Dandeson, suka yi ta ƙaruwa. A kujerar Crowther kuwa aka sa Bature. Baƙaƙen da aka naɗa bishop bayansa mataimaka ne kawai, sai a 1952, bayan shekara sittin, aka sake ba ɗan ƙasa riƙon yanki na kansa a Ekklesiyar Angilika ta Nijeriya. A 2014, da naɗinsa ya cika shekara 150, aka yi sujada a ɗakin nan na Kantabiri inda aka ɗora masa hannu, babban bishop na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a gaban jama'a ya amsa cewa an zalunci wannan bawan Allah, ya kira taron na godiya da tuba. Ƙasusuwansa suna kwance a harabar babban ɗakin sujada na Almasihu a Ikko, a tsibirin da aka sa masa sarƙa yana yaro.